Wace manhajar karanta PDF ce ta dace da ƙaramar laftof, kuma yaya ake saka ta?

Ɗalibin_Ilimi:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da laftof ta hannu, Windows 10 ce a kanta, RAM ɗinta 4GB, kuma faifanta irin tsohon nan ne mai juyawa, ba SSD ba. Ina neman manhajar karanta littattafai da takardu wadda ba za ta yi mata nauyi ba. A yanzu duk PDF ɗin da na danna a burauza yake buɗewa. Bayan haka akwai littattafan da sunansu ya ƙare da .epub da .djvu, su sam ba sa buɗewa. Akwai kuma wani fom da aka turo mini in cike, in na buɗe shi shafi ɗaya kawai nake gani mai rubutun "Please wait", ko na jira ba ya canzawa. Na ƙarshe, in na nemi kalma a wasu littattafan Hausa da na Larabci sai a ce babu, alhali ga ta ina kallo. Da datar waya nake shiga intanet, don haka a duba mini abin da ba zai cinye ta ba. Allah ya saka da alheri.

Mai_Gyaran_Kwamfuta:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ga laftof irin wannan, SumatraPDF nake ba da shawara don karatun yau da kullum. Kyauta ce, ba ta da talla, fayil ɗin sakawarta wajen megabayit 10 ne ko ƙasa da haka, kuma tana buɗe PDF da EPUB da MOBI da DjVu da CHM da XPS da CBZ. Ka ga ta share maka hawaye biyu lokaci guda. Abin da ba ta buɗewa shi ne takardun Word da Excel. Su sai Microsoft Office ko LibreOffice.

Kafin ka sauke komai, duba irin Windows ɗinka. Shiga Settings, sai System, sai About, ka dubi layin System type. In an rubuta 64-bit, nau'in 64-bit za ka ɗauka. In 32-bit ne, shi za ka ɗauka. Manhajar 32-bit tana aiki a kan Windows mai 64-bit, amma ta 64-bit ba ta tashi a kan mai 32-bit, sai dai ka ga saƙon cewa ba za ta yi aiki a wannan kwamfutar ba. A wurin nan kuma ka duba layin Edition. In ka ga "in S mode", to Windows ɗin ba za ta yarda ka saka komai daga wajen Microsoft Store ba sai ka fita daga wannan tsari. Ana fita ta Settings, Update & Security, Activation. Kyauta ne, amma in ka fita ba komawa.

Adireshin manhajar shi ne sumatrapdfreader.org. Rubuta shi da hannunka a saman burauza. Kada ka rubuta "free pdf reader" a wurin bincike ka danna abin da ya fara fitowa, domin na saman sau da yawa talla ne, kuma shafukan da ke tattara manhajoji kan naɗe su cikin wani fayil ɗin sakawa nasu, wanda zai ƙara maka tarkacen da ba ka nema ba ya kuma canza maka shafin farko na burauza.

A shafin saukewa za ka ga iri biyu, Installer da Portable. Na farko shi ne na sakawa sosai. Danna shi sau biyu, kafin ka danna Install buɗe Options. A nan akwai zaɓin saka ta domin duk masu amfani da kwamfutar, wanda ke buƙatar izinin admin. In ba ka zaɓe shi ba za ta zauna a foldarka ta AppData, kuma ba ta neman izinin kowa. Akwai zaɓin da ke sa File Explorer ya nuna hoton shafin PDF a gefe, da wanda ke sa binciken Windows ya leƙa cikin rubutun PDF. Na biyun ka bar shi a kashe a kan faifai mai juyawa, don zai sa Windows ta riƙa bin fayilolinka ɗaya bayan ɗaya tana karantawa, laftof ɗin ta yi ta nishi. Shi kuwa Portable fayil guda ne da ba a saka shi, a filash ma yana aiki, kuma yana ajiye saitinsa kusa da kansa. Yana da amfani a kwamfutar ofis ko ta kafe inda aka hana saka manhaja.

In kana jin daɗin rubuta umarni, buɗe Command Prompt ka rubuta winget install SumatraPDF.SumatraPDF, ita za ta sauko ta saka kanta. Tsofaffin Windows 10 da ba a sabunta ba ba su da winget, sai a bi hanyar farko.

Bayan sakawa, PDF zai ci gaba da buɗewa a burauza har sai ka gaya wa Windows da kanka. Tun daga Windows 10 manhaja ba ta iya naɗa kanta a wannan matsayi ba tare da yardarka ba. Danna kowane PDF da maɓallin dama na linzami, zaɓi Open with, sai Choose another app, zaɓi SumatraPDF, ka sa alama a akwatin Always use this app, sannan OK. Maimaita wa .epub da .djvu, don kowane iri da nasa saitin. Wanda Windows ɗinsa ke da Faransanci, kamar yawancin na Nijar, Ouvrir avec zai gani a maimakon Open with.

Maɓallan da za su sauƙaƙa maka: Ctrl+G zuwa lambar shafi, Ctrl+F nema, F3 sakamako na gaba, F12 jerin babuka a gefe, F11 cika allo, Ctrl+2 daidaita shafi da faɗin allo, Ctrl+B ajiye shafi cikin waɗanda kake yawan komawa. In littafin a kwance aka yi masa sikanin, Ctrl da Shift da alamar tarawa suna juya shi. Tana tuna shafin da ka tsaya da kanta. Don shafa wa jimla launi, ja linzami a kanta ka danna harafin A. Amma ka lura, launin bai shiga fayil ba sai ka ajiye da Ctrl+Shift+S, ko ka amsa tambayar da take yi lokacin rufewa. Wannan damar daga sigar 3.3 ta fara, don haka kada ka karɓi tsohuwar siga daga filash ɗin wani.

Fom ɗinka kuwa Sumatra ba za ta iya da shi ba. Na bar wa masu wannan fannin.

Baban_Ilham:

Malam Ɗalibi, fom ɗin nan lafiyarsa ƙalau, kuma jira ba zai yi magani ba ko za ka kwana. PDF iri biyu ne a fagen fom. Akwai na gama-gari da ake kira AcroForm, wanda Edge da Chrome ke cikewa ba matsala. Akwai kuma wanda aka gina da tsarin XFA, inda ainihin fom ɗin ke ɓoye a cikin fayil, sai manhajar da ta san tsarin ta zana shi lokacin buɗewa. Manhajar da ba ta san shi ba sai ta nuna shafin ko-ta-kwana da aka ajiye mata, shi ne wannan "Please wait". Fom ɗin hukumar shige da fice ta Kanada, irin su IMM 1294 na izinin karatu da IMM 5257 na bizar ziyara, sanannun misalai ne. Maganinsa Adobe Acrobat Reader a kan kwamfuta, ba ta waya ba.

Don haka za ka saka manhaja biyu, kuma babu laifi a haka: Sumatra ta zama ta kullum, Acrobat Reader ta zama ta fom da sa hannu. Ba sa faɗa da juna.

Adireshin get.adobe.com/reader ne. Abu biyu za ka kula da su. Shafin kan nuna ƙarin manhajoji na zaɓi, irin na McAfee. Cire alamar da ke akwatinsu kafin ka danna saukewa. Na biyu, abin da ke fara saukowa ɗan ƙaramin fayil ne, shi ne zai jawo sauran ɗaruruwan megabayit daga intanet, kuma in sabis ya yanke a tsakiya sai aikin ya tsaya. Ga mai datar waya, gara a shiga get.adobe.com/reader/enterprise, a zaɓi irin Windows da harshe da siga, a sauke cikakken fayil ɗin gaba ɗaya a inda ake da Wi-Fi ko da datar dare. Shi ba ya buƙatar intanet lokacin sakawa, kuma za ka iya ajiye shi a filash. Ka tanadi aƙalla gigabayit 1 a faifai. In ta tambaye ka ko ta zama manhajar buɗe PDF ta dindindin, ka ce a'a. Ba dole ba ne ka buɗe asusu ko ka biya kuɗi don karatu da cike fom da sa hannu. Maɓallan gyara rubutu da mayar da PDF zuwa Word su ne na kuɗi.

Yadda za ka buɗe fom ɗin: kada ka danna shi daga cikin imel ko burauza. Ajiye shi a Downloads tukuna, danna shi da maɓallin dama, Open with, Adobe Acrobat. In ka ga wani zare ruwan ɗorawa a sama, danna Enable All Features, idan dai ka tabbata daga inda fom ɗin ya fito. Cike, sannan in yana da maɓallin Validate ka danna. In komai ya cika zai ƙara shafi mai lambobin zane a ƙarshe. Ajiye da Ctrl+S. Kada ka ajiye irin wannan fom ta hanyar Print to PDF, domin hakan na mayar da shi hoto busasshe wanda ba ya gyaruwa, kuma mai karɓa zai iya ƙin sa.

Saiti kaɗan a Ctrl+K suna rage mata nauyi. A Documents, sa alama a Restore last view settings when reopening documents don ta riƙa komawa inda ka tsaya. A Reading, zaɓi Only read the currently visible pages. Wannan ke kashe saƙon nan na shirya takarda da ke riƙe babban littafi minti da minti. A Security Enhanced, bar Protected Mode a kunne. Masana tsaro kan ce a kashe JavaScript a cikinta, kuma shawara ce mai kyau ga mai buɗe takardun da bai san asalinsu ba, sai dai fom irin naka da shi yake aiki: in ka kashe, Validate ba zai motsa ba.

Ɗalibin_Ilimi:

Na gode ƙwarai. Sumatra ta shiga, EPUB da DjVu duk sun buɗe, fom ɗin ma ya bayyana. Saura batun neman kalma. Sannan akwai PDF guda biyu da duka manhajojin suka ƙi, ɗaya ta ce fayil ɗin ya lalace.

Malama_Mai_Laburare:

Ɗan'uwa, batun neman kalma ba laifin manhaja ba ne, ko ka canza goma haka za ka gani. Daga fayil ɗin ne, kuma dalilan uku ne mabambanta.

Fara da gwaji. Ja linzami a kan layi ɗaya. In layin ya ɗauki launi harafi bayan harafi, akwai rubutu a ciki. In bai ɗauka ba, ko kuma akwati kawai ya zana, to shafin hoto ne: an ɗora littafin takarda a na'urar sikanin ko an ɗauke shi da waya. Idonka na ganin haruffa, kwamfuta kuwa ɗigo-ɗigo take gani. Mafi yawan littattafan addini na Larabci da ke yawo a WhatsApp da Telegram haka suke, shi ya sa ma suke da nauyi. Irin wannan sai an yi masa OCR, wato a sa manhaja ta gane haruffan ta shimfiɗa rubutu a ƙarƙashin hoton. Acrobat Reader ta kyauta ba ta yi, Sumatra ma haka. NAPS2 kyauta ce kuma tana yi: shigo da PDF ɗin ta Import, kunna OCR, sauke harshen da kake so, Larabci yana ciki, sannan ka ajiye sabon PDF. A kan laftof ɗinka littafi mai shafi 300 zai ɗau lokaci, ka jona ta da wuta. Ga 'yan shafuka kaɗan, ɗora fayil a Google Drive ka buɗe shi da Google Docs, amma ya fi aiki ga fayil da bai wuce megabayit 2 ba. Kada ka sa rai da yawa: bugun Larabci mai tsabta yana fita da dama-dama, mai wasulla da sharhi a gefe yana rikicewa, rubutun hannu na Ajami kuwa waɗannan manhajojin ba sa karanta shi. A can sai ka dogara da Ctrl+B na Sumatra, ka sa wa kowane babi alama da hannunka.

Dalili na biyu namu ne na Hausa, kuma shi ya fi ɓata wa mutane lokaci. Haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, kowannensu harafi ne daban a wurin kwamfuta, ba k da d da b ba ne. A tsarin Unicode ƙ lambarsa 0199, ɗ 0257, ɓ 0253. In littafin ya rubuta "ƙasa" kai kuma ka nemi "kasa", ba lallai ta fito ba. Ƙara madannan Hausa ta Settings, Time & Language, Language, Add a language, ka riƙa sauyawa da maɓallin Windows da Space. Ko kuma mafi sauƙi, kwafi kalmar daga cikin littafin ka manna a akwatin nema.

Wannan kwafin ne zai tona maka dalili na uku. Littattafai da jaridun Hausa da yawa da aka tsara kafin Unicode ya yaɗu, da font na musamman aka yi su, wanda ya ari gurbin wasu alamomi ya zana haruffanmu a kai. A shafi kana ganin ƙasa, ɗaya, zaɓe, amma in ka kwafa ka manna a Notepad sai ka ga }asa, ]aya, za~e. To abin da ke cikin fayil ɗin ke nan a zahiri, kuma shi za ka nema. Rubuta }asa a akwatin nema, za ta fito. Wata dabarar ita ce ka tsallake harafin gaba ɗaya: nemi "ungiya" maimakon "ƙungiya". In kuma abin da ya manna shara ce zalla, akwatuna da alamomi marasa ma'ana, to wanda ya yi PDF ɗin bai saka taswirar haruffa a ciki ba, sai OCR. A Acrobat, Ctrl+D sannan Fonts zai nuna maka font ɗin da ke ciki.

A Larabci mai rubutu na gaske, nemi guntun kalma ba tare da wasali ba, kuma ka guji guntun da ke da lam-alif, don sau da yawa a haɗe aka ajiye shi kamar harafi guda. Kuma in kana da folda cike da littattafai kana neman kalma a cikinsu duka, Ctrl+Shift+F a Acrobat yana bincika folda gaba ɗaya. A wannan ta fi Sumatra.

Wani abu da ke rikita ɗalibai wajen kawo hujja: lambar shafin da manhaja ke nunawa ba koyaushe ce ta littafin ba, saboda bango da gabatarwa ma an ƙirga su. Ka ɗauki lambar da ke buge a jikin shafin.

Injiniya_Zinder:

Ina da ɗan ja da Mai_Gyaran_Kwamfuta, da girmamawa. Ba kowa ne ke buƙatar saka wani abu ba. Edge da ke zuwa da Windows yana shafa launi, yana rubutu da alƙalami, yana cike fom na gama-gari, yana karanta rubutun Turanci da Faransanci da murya. Wanda takardunsa PDF ne 'yan shafuka, ya ishe shi. Inda na yarda shi ne RAM: burauza mai shafuka da yawa a buɗe, ga kuma littafin sikanin mai nauyi, a kan 4GB dole ta riƙa sandarewa. Kuma Edge na yanzu ba ya buɗe EPUB, tsohon ne ke yi. To ga mai tambaya, shawarar ta yi daidai.

Bari in ƙara na bugawa a firinta, don nan ma ana asarar takarda. Takardunmu A4 ne, milimita 210 da 297, amma fayilolin Amurka da Kanada yawanci Letter ne, 216 da 279, ya fi faɗi ya kuma fi gajarta. In ka buga shi da Actual size a kan A4 gefe zai iya yankewa, zaɓi Fit. Akasin haka, duk takardar da girmanta ke da muhimmanci, kamar kati ko hoton fasfo, Actual size za a sa. In haruffa suka fito a hargitse daga firinta alhali a allo lafiya suke, a Acrobat shiga Advanced ka zaɓi Print as image. Yana da jinkiri amma yana fita daidai. In kuma shafi 5 zuwa 12 kawai kake son tura wa wani, zaɓi Microsoft Print to PDF a matsayin firinta, rubuta 5-12, za ka samu sabon fayil ƙarami ba tare da biyan kowa ba. Wannan ga littafi ne, ba ga fom ba, kamar yadda Baban_Ilham ya faɗa.

Ku kuma tuna Microsoft ta daina sabunta tsaron Windows 10 na gama-gari tun 14 ga Oktoba 2025. Saboda haka sabunta burauza da manhajar karatu ya ƙara zama wajibi a irin wannan laftof. A sa haɗin wayar a matsayin metered connection don kada Windows ta sha datar a ɓoye, amma a riƙa sabuntawa da hannu in an samu Wi-Fi.

Mai_Gyaran_Kwamfuta:

Injiniya, maganarka gaskiya ce, ba mu saɓa ba.

Ɗalibi, fayilolin nan biyu da suka ƙi buɗewa, fara duba girmansu: danna dama, Properties. In littafi ne mai ɗaruruwan shafuka amma ka ga kilobayit 20 ko 50, ba littafin ne ya sauko ba. Danna dama, Open with, Notepad, ka dubi farkonsa. PDF na gaske da %PDF- yake farawa, sai lambar siga kamar 1.4 ko 1.7. In ka ga html a layin farko, shafin intanet ne aka ajiye da sunan PDF, galibi shafin da ke neman ka shiga asusu ko ka jira kafin saukewa. In farkon daidai ne amma ƙarshen babu %%EOF, saukewar ce ta yanke a hanya, sai a sake. Babban fayil kada ka buɗe shi a Notepad, zai riƙe laftof ɗin. Kwatanta girmansa kawai da na wanda ya turo maka. In ya zo ta filash ne, a sake kwafa, a kuma jira a yi Eject kafin a zare.

Ka kuma kunna ganin ƙarshen sunan fayil: a File Explorer shiga View, sa alama a File name extensions. Da shi za ka gane wanda sunansa littafi.pdf.exe, ko wanda ke da 'yar kibiya a jikin tambarinsa alhali a filash yake. Waɗannan ba littattafai ba ne, bairos ne, kada ka danna su. Goge su ka bi filash ɗin da Windows Security. Wanda kuma ya nemi kalmar sirri kafin ya buɗe, babu manhajar karatu da za ta wuce ta, sai ka tambayi wanda ya turo. In ka duba girman fayilolin biyu da layinsu na farko, rubuto mana abin da ka gani.